Daga Azahar Zuwa Magariba a Paris: Marais ko Saint-Germain?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Paris ba yawon buɗe ido ne ke kai su ba. Taro ne, ko kwas, ko ganin likita, ko rakiyar ɗalibi. Abin da ke rage wa mutum na kansa bai wuce rabin wuni ba: an tashi taro da azahar, gobe da asuba sai filin jirgi. Wanda ya riga ya ga hasumiyar Eiffel, ko kuma ba shi da haƙurin bin layin gidan tarihin Louvre, yana so ne ya taka da ƙafarsa ya shiga kantuna, ya leƙa ɗakunan baje kolin zane-zane da ake kira galeri, ya samo tsaraba, to duk wanda ya tambaya unguwa biyu zai ambata masa: Marais da Saint-Germain-des-Prés. Kogin Seine ne ya raba su, Marais a arewa, Saint-Germain a kudu, tsakaninsu tafiyar kamar rabin awa a ƙafa. Kusancin nan shi ke ruɗar baƙo ya ce zai haɗa duka biyun. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya gwada, a kan titi zai ƙare yammacinsa, bai tsaya ya kalli komai da kyau ba.

Kafin a zaɓa, a san mene ne galeri, domin da yawa na wucewa ta ƙofarsa suna jin nauyin shiga. Ba gidan tarihi ba ne, shago ne na sayar da ayyukan masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba wanda zai tsare ka da sai ka saya. Wani ƙofarsa a buɗe take, wani sai ka danna ƙararrawa a buɗe maka. Ka ce "bonjour", ka zaga, ka ce "merci" ka fita. Gaisuwar nan kada ka yi wasa da ita ko a kantin biredi ne. Bafaranshe yana ɗaukar wanda ya shigo bai yi gaisuwa ba a matsayin marar tarbiyya, kuma za ka ga hakan a yadda zai saurare ka. Akasarin galeri na buɗewa ne daga Talata zuwa Asabar, daga hantsi zuwa ƙarfe 6 ko 7 na yamma. Lahadi da Litinin a rufe suke, watan Agusta kuwa da yawansu sun tafi hutu gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya raba gardamar rabin matafiya, za mu dawo kansa.

Marais

Marais ta kwanta a gunduma ta 3 da ta 4. A ƙarni na 17 unguwar manyan fadawa ce da attajirai, suka gina gidaje masu katanga da ƙatuwar ƙofa da tsakar gida. Da sarauta ta koma Versailles, daga baya juyin juya halin 1789 ya zo, sai unguwar ta lalace, gidajen suka koma ma'aikatun hannu da ɗakunan haya na talakawa. Dokar kare tsofaffin unguwanni ta 1962, wadda ake kira da sunan ministan al'adu André Malraux, ita ta hana a rushe ta. Amfanin sanin wannan ga mai yawo shi ne ya gane cewa abin kallon Marais ba a bakin titi yake ba. Yana bayan manyan ƙofofin katako. Idan ka ga ƙofa a buɗe da ɗan allo na suna a gefe, shiga.

Sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Saint-Paul, layi na 1, minti kaɗan ka isa Place des Vosges, dandalin da Sarki Henri na Huɗu ya sa aka fara ginawa a 1605 aka buɗe a 1612. Murabba'i ne, gidaje 36 na jan bulo sun kewaye shi, ƙarƙashinsu rumfa ce mai bakuna da ke zagaye dandalin duka. Cikin rumfar nan galeri ne a jere. Gaskiyar magana, yawancinsu kayan 'yan yawon buɗe ido masu kuɗi suke sayarwa, masu ƙyalli da ɗaukar ido, ba nan masana ke zuwa ba. Amma wurin na da daɗin zama, kuma a lamba 6 akwai gidan da marubuci Victor Hugo ya zauna daga 1832 zuwa 1848, shiga ɗakunansa na dindindin kyauta ne.

Manyan galeri suna can arewa kaɗan. Perrotin na lamba 76 a titin Turenne, cikin wani tsohon katafaren gida mai matakala a tsakar gida. Thaddaeus Ropac na titin Debelleyme, David Zwirner na titin Vieille-du-Temple, Marian Goodman na titin Temple. Waɗannan su ne dillalan da ke juya kasuwar zanen zamani ta duniya, suna da rassa a birane irin su Landan da New York da Hong Kong. Ɗakunansu farare ne, manya, wani lokacin zane shida kacal za ka tarar a zauren da zai ɗauki mutum ɗari. Ba a rubuta farashi a bango, kuma ba don kai aka kafe su ba. Duk da haka a nan za ka ga aikin da bayan shekara biyu ko uku zai shiga gidan tarihi ana biyan kuɗi kafin a gan shi, kai kuwa ka kashe ƙwarƙwatar idonka ba ko sisi. Mai tafe da iyali ya leƙa tukuna kafin ya shigar da yara, domin zanen zamani ba ya kunyar tsiraici.

Ga mai son ganin abin da 'yan Afirka na yau ke yi, ɓangaren nan ya fi. A gefen unguwar, kan babban titin Richard-Lenoir, akwai galerin MAGNIN-A na André Magnin, mutumin da ya daɗe yana fito da ayyukan Chéri Samba na Kwango da masu ɗaukar hoton Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé, da kuma J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan kitson mata. A watan Oktoba kuma ana cin kasuwar zane-zanen Afirka mai suna AKAA a Carreau du Temple, tsohuwar kasuwa mai rufin ƙarfe da gilashi a saman unguwar. An fara ta a 2016.

Wajen tsaraba, Marais ta fi sauƙin sha'ani. Titin Francs-Bourgeois ya ratsa unguwar, kantunan tufafi da takalma da turare ne hagu da dama, kuma farashinsu na tsaka-tsaki ne idan aka auna da ma'aunin Paris. Akwai shagon Fragonard, kamfanin turare na garin Grasse, inda za ka samu sabulai da ƙananan kwalabe da za su isa rabo ga mutane da yawa ba tare da aljihu ya yi kuka ba. Mai son shayi ya nemi Mariage Frères a titin Bourg-Tibourg, gidan da ke sana'ar tun 1854, gwangwanaye baƙaƙe jere har rufi, a buɗe maka ka shinshina kafin a auna. Merci, a lamba 111 kan titin Beaumarchais, kanti ne na kayan gida da zannuwan gado da tufafi, ana gane shi da 'yar jar motar Fiat da ke ajiye a tsakar gidansa. Ya fi kyau da kallo fiye da saye.

Idan ƙafa ta gaji da kantuna, gidan tarihin Carnavalet na nan tsakiyar unguwar, tarihin birnin Paris ne zalla, an sake buɗe shi a 2021 bayan gyara, kuma shiga kyauta ne. Zauren farko cike yake da tsofaffin alamomin shaguna na ƙarfe da katako, ƙaton almakashi na tela, mabuɗi na maƙeri, daga zamanin da gidaje ba su da lamba kuma masu saye da yawa ba su iya karatu ba. Minti ashirin a zauren nan ya ishe ka. Gidan tarihin Picasso ma na kusa, amma shi ana biya, kuma zai cinye maka awa biyu. Cibiyar Pompidou da ke bakin unguwar ta yamma an rufe ta a 2025 don gyaran da zai ɗauki shekaru, kada tsohon littafin jagora ya kai ka can.

Abinci ba matsala. Kasuwar Enfants Rouges a titin Bretagne, wadda ke nan tun 1615, tana da rumfar 'yan Maroko masu kuskus da tajin. Titin Rosiers kuwa tsohuwar unguwar Yahudawa ce, falafel ɗinsu, wani irin ƙosai, ba nama a ciki, sai dai ranar Asabar shagunan da suka fi suna a rufe suke saboda ranar hutunsu ce. Aibin Marais shi ne cunkoso. Titunan ƙanana ne, gefen masu tafiya a ƙafa bai fi faɗin mutum biyu ba, ranar Asabar da Lahadi da yamma kafaɗa na gugar kafaɗa. A irin wannan wuri ake yankan aljihu, waya ta koma aljihun gaba.

Saint-Germain, da abin da ke bayansa

Saint-Germain na gunduma ta 6. Tashar layi na 4 mai wannan suna na fitar da kai gaban cocin da ya samo asali tun ƙarni na 6, daura da shi kuma gidajen shan kofi biyu da suka yi suna, Les Deux Magots da Café de Flore, inda Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir ke zama suna rubutu. Yanzu baƙi ne ke bin layi su sha kofi mai tsada su ɗauki hoto. Wuce.

Abin da ya kawo ka yana tsakanin cocin da kogi, cikin tituna biyar ko shida: Seine, Beaux-Arts, Mazarine, Guénégaud, Bonaparte. Babbar makarantar koyon zane ta Faransa na titin Bonaparte, galeri suka taru a kewayenta. Nan ba manyan zaure kamar na Marais. Ƙananan shaguna ne ƙofa da ƙofa, kowanne da tagar gilashi, sau da yawa mai shagon da kansa ne zaune a bayan tebur, kuma idan ya ga kana da sha'awa zai ba ka labarin kayan na rabin awa. A tafiyar minti goma za ka wuce galeri da yawa fiye da abin da za ka gani a awa guda a Marais. Ga mai ciwon gwiwa ko mai tafe da dattijo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Unguwar nan ita ce cibiyar cinikin tsofaffin kayan Afirka da Oshiyaniya a duniya, tare da Brussels. Kowane watan Satumba tun 2002 dillalai daga ƙasashe daban-daban na taruwa a waɗannan tituna don kasuwar Parcours des Mondes. A tagogi za ka ga fuskokin dodanni na Gabon da Kodebuwa, ƙofofin rumbu na Dogon ta Mali, kujerun sarauta, tsofaffin saƙa, kayan azurfa na Buzaye, wani lokacin har babbar riga mai aiki ta zamanin kakanni an shimfiɗa ta a bango kamar zane. An haska kowane abu da fitila, an ɗora shi a kan dakali shi kaɗai.

A nan ne ɗan arewacin Najeriya ko ɗan Nijar zai ji wani abu ya motsa a ransa, kuma ya kamata ya san dalili. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, sun haura shekara 2,000. A shekarun 1990 aka yi ta haƙe-haƙen sata a yankin Nok da Katsina da Sakkwato, haka ma a yankin Bura na Nijar, kayan suna fita ta ɓarauniyar hanya zuwa Turai. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya, ciki har da waɗannan da kuma na Sao daga gaɓar Tafkin Chadi. A shekarar nan dai aka yi ce-ce-ku-ce da aka ga kayan Nok a sabon zauren da Louvre ta buɗe. Aka sasanta a 2002: Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25. Tun daga jawabin Shugaba Macron a Wagadugu a 2017, da rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 kan mayar wa Afirka kayan tarihinta, da mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021, maganar asalin kaya ta zama abin da dillali ba ya iya kauce mata. Ba cewa nake duk abin da ke tagogin nan na sata ba ne, da yawa sun bar Afirka tun kafin a haifi iyayenmu kuma da takardunsu. Amma in har za ka saya, tambayi tarihin hannun da kayan ya bi, a rubuce. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, jabu kuma ya cika kasuwar. Ni dai a ganina kallo ya wadatar, kuma kallon nan darasi ne da ba a samun irinsa a Marais.

Kantunan Saint-Germain sun fi tsada. Manyan sunayen kayan ƙawa sun mamaye babban titin, suka kori shagunan littattafai da yawa da unguwar ta yi suna da su. Mai neman turare na musamman zai ji daɗin Buly a lamba 6 titin Bonaparte, shago mai kantocin katako kamar tsohon kemis, inda ake rubuta sunan wanda za ka ba kyautar da alƙalami a jikin kwalin. Tsaraba ce ta mutum ɗaya, uwargida ko Hajiya, ba ta rabon dangi ba. Le Bon Marché, babban kantin da Aristide Boucicaut ya bunƙasa daga 1852, na can yamma a titin Sèvres, zai janye ka daga hanyar da nake so ka bi.

Hanyar ita ce gabas. Ka gangara bakin kogi, ka bi jerin korayen akwatunan masu sayar da tsofaffin littattafai da taswirori da hotuna, masu sayarwar sun haura 200 a gaɓar Seine. An so a kwashe akwatunan saboda bikin buɗe gasar Olamfik ta 2024, suka yi tsayin daka har aka janye. A wurinsu ne kaɗai cikin duk wannan yawo za ka iya taya kaya kaɗan ba a kalle ka ba. Daga dandalin Saint-Michel ka hau zuwa titin Écoles. A lamba 25 bis akwai kantin littattafai na Présence Africaine, gidan da Alioune Diop ɗan Senegal ya kafa da mujalla a 1947, ya zama kamfanin ɗab'i a 1949. Su suka shirya taron farko na marubuta da masu fasaha baƙar fata a jami'ar Sorbonne a 1956, su suka buga Cheikh Anta Diop da Aimé Césaire, da Boubou Hama na Nijar. Tsallaken titi kuma ga L'Harmattan, wanda ke da littattafai kan kusan kowace ƙasar Afirka, har da bincike kan Damagaram da Maraɗi da Agadas da za ka sha wuya kafin ka samu a wani wuri.

A nan matafiya suka rabu biyu. Ɗan Nijar ko Chadi ko Kamaru da ya yi karatu da Faransanci, titin nan kaɗai ya isa ya sa ya zaɓi kudancin kogi. Ɗan Najeriya ko Ghana da ba ya jin harshen zai shiga ya fito cikin minti goma. Shagon littattafan Turanci da ya yi suna, Shakespeare and Company, na kusa, daura da cocin Notre-Dame, amma sau da yawa sai an bi layi kafin a shiga. Wani abu kuma da zai hutar da kai: tun dokar 1981, farashin sabon littafi ɗaya ne a duk Faransa, ragin da aka yarda shago ya yi bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Ba amfanin zagaye neman araha, inda ka gan shi saya.

Salla da rana

Abin da littattafan jagora ba sa faɗa wa Musulmi shi ne yadda lokacin salla ke sauya lissafin nan. A watan Disamba rana na faɗuwa a Paris wajen ƙarfe 5. Azahar na shiga kusan ƙarfe 1, la'asar kafin ƙarfe 3, ke nan salloli uku ne za su faɗo cikin yammacinka. A watan Yuni kuwa azahar sai wajen ƙarfe 2, la'asar wajen 6, magariba kusan ƙarfe 10 na dare, kana iya yin azahar a masauki ka fita ka dawo ba abin da ya kuɓuce maka.

Hanyar Saint-Germain na ƙarewa ne a ƙofar masallaci. Daga Présence Africaine zuwa Babban Masallacin Paris bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙin duniya na farko, hasumiyarsa mita 33, ginin irin na Maroko ne da lambu a tsakiya. Akwai wurin alwala da ɓangaren mata, a bayansa kuma akwai wurin shan shayin na'ana'a da gidan abinci. A kan hanya za ka iya ratsawa Cibiyar Ƙasashen Larabawa, ginin Jean Nouvel na 1987 mai tagogin ƙarfe 240 da aka ƙera su buɗe su rufe gwargwadon hasken rana. Tana da kantin littattafan Larabci da Faransanci, hawa saman benenta kuma kyauta ne, daga can kana hangen Notre-Dame da rufin gidajen Marais. Ita ma Litinin a rufe take.

Marais ba ta da babban masallaci a cikinta. Daga Place des Vosges, in ka tsallaka gadar Sully, Babban Masallacin tafiyar kusan minti ashirin da biyar ne. Daga saman unguwar kuma za ka iya nufar titin Jean-Pierre Timbaud a gunduma ta 11, inda masallacin Omar yake tare da shagunan littattafan addini da jallabiyoyi da mahautan halal. Duka biyun na yiwuwa, amma fita ce daga unguwar, kuma da wuya ka komo. Ga 'yan'uwa mata: hijabi ba laifi ba ne a titi ko kanti ko galeri, amma dokar da ta fara aiki a 2011 ta hana rufe fuska a bainar jama'a.

Saboda haka, in a lokacin sanyi ka zo, tsakanin Talata da Asabar, kuma karonka na farko ne, ka ɗauki Saint-Germain: galeri da ƙarfe 2, bakin kogi, titin Écoles, masallaci kafin magariba. Idan yammacin naka ya faɗo ranar Lahadi, babu ma gardama, Marais ce. Galerinta a rufe suke, amma kantunanta na buɗe, ana hana motoci shiga wasu titunan, Carnavalet ma na buɗe, alhali ƙananan titunan galeri na Saint-Germain sun yi tsit. Litinin ita ce mafi muni ga duka biyun, galeri a rufe, Carnavalet da Picasso a rufe. Ranar nan saye kawai za ka yi, kuma saye ya fi sauƙi a Marais. Haka wanda jerin sunayen masu jiran tsaraba ya fi ƙarfin aljihunsa, ko wanda zanen yau ya fi burge shi fiye da kayan da, shi ma Marais.

Idan ruwa ya sauko, kuma a Paris yana iya saukowa a kowane wata, ka bar su duka ka nufi rufaffun lunguna na gunduma ta 2 da ta 9. Titunan kasuwa ne masu rufin gilashi da aka gina a rabin farko na ƙarni na 19, lokacin da titunan birnin ke cike da taɓo. Kusan ashirin suka rage. Galerie Vivienne ta 1823 ita ce mafi kyau, da daɓen ado da tsohon kantin littattafai. Passage des Panoramas na masu cinikin kan sarki da tsofaffin katunan wasiƙa ne, in ka haƙura da bincike cikin akwatunansu kana iya cin karo da hotunan Afirka ta Yamma na zamanin mulkin mallaka. Daga shi ka tsallaka titi ka shiga Jouffroy, daga Jouffroy ka shiga Verdeau, ka ɓullo kusa da Drouot, gidan gwanjon da ke aiki tun 1852, inda kowa ke iya shiga ya kalli kayan da za a yi gwanjonsu.

Wani zai ce ina Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a gunduma ta 18? Tana kan layi na 4, akwai kasuwar titin Dejean, da shagunan atamfa da shadda, da teloli, da busasshen kifi da kuɓewa. Mazaunin Paris da ke kewar gida, can ne wurinsa. Amma wanda zai koma gida gobe, ya bar Kantin Kwari a baya, bai ga abin da zai sa ya sayi atamfa da kuɗin Yuro ba.

Kuɗi

Ba a taya kaya a kanti, abin da aka rubuta shi ne, kuma haraji na ciki. Rangwame na gaske sau biyu ake yi a shekara bisa doka, daga Janairu da kuma daga ƙarshen Yuni, mako huɗu kowanne. Mai lissafi da sefa ya huta, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, Yuro 100 ke nan jaka 65 da ɗoriya. Adadin nan na Yuro 100 ka riƙe shi, domin wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba, in ya kashe sama da haka a kanti ɗaya, yana da damar a mayar masa da wani ɓangare na harajin kaya. Harajin kashi 20 ne a kan yawancin kaya, abin da ke dawowa hannu bayan an cire ladan kamfanin da ke shiga tsakani yakan kama kashi 10 zuwa 12. Sai ka nuna fasfo a kantin, a ba ka takardar da suke kira détaxe, ka kai ta na'urar PABLO a filin jirgi kafin ka ba da jakunkunanka, don jami'in kwastan na iya cewa a nuna masa kayan. Dabarar ita ce ka tara sayayyarka a shago ɗaya maimakon ka warwatsa ta biyar, wanda hakan ya fi sauƙi a babban kanti irin BHV da ke bakin Marais daura da ofishin magajin gari. Littattafai harajinsu kashi 5.5 ne kawai, wahalar takardar ba ta biya ba. Kwalbar turare da ta haura mililita 100 kuma a babbar jaka za ta shiga.

Saura mai yada zango a filin jirgin Charles de Gaulle, wanda ke da bizar Schengen da wasu awoyi a hannu. Jirgin ƙasa na RER B daga filin jirgin na tsayawa a Châtelet-Les Halles, gefen Marais, tasha ta gaba kuma Saint-Michel, gefen Saint-Germain, tafiyar kusan minti arba'in in ba a samu tsaiko ba, layin kuwa ya saba da tsaiko. Cire awa biyu na zuwa da dawowa, cire awa uku na komawa cikin filin jirgi, cire lokacin da za ka ɓata gaban jami'an shige da fice. In abin da ya rage bai kai awa uku ba, zauna inda kake. In ya kai, sauka a Saint-Michel: akwatunan littattafai na bakin tashar, titin Seine minti goma yamma, masallaci minti ashirin gabas, kuma jirgin da zai mayar da kai na nan ƙarƙashin ƙafarka ba sai ka canja layi ba.